Yaya, Rewayar Cikin Gida

Shin ceton 'yata na yi, ko kuwa rufe ta na yi da ranta? Yau kwana arba'in ke nan da rasuwar Yaya, yayar maigidana, kuma ita kaɗai ce a duniya za ta iya ba ni amsa ba ta ji nauyina ba. Ga shi ta tafi. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, shi ya sa na roƙi 'yar maƙwabciyata, wadda ke koyarwa a firamare, ta zauna ta rubuta abin da zan faɗa. Na ce kada ta gyara mini magana, in kuka ya zo mini ta jira ni.

Ranar da aka kai Yaya makwancinta, gidanmu na Kawo ya cika har ƙofar zaure. Mata suna shigowa suna durƙusawa gabana.

"Ya haƙuri? Allah ya ji ƙanta. Baiwar Allah, ba a taɓa jin bakinta ba."

Ina cewa amin ina hawaye, amma dariya na neman ƙwace mini. Yaya ce ba a jin bakinta? Matar da in ta daka wa akuyarmu tsawa sai ta maƙwabta ta bar ɓarna? Masu faɗin haka a ƙarshen rayuwarta suka san ta, bayan ta yi shiru.

Wata tsohuwa daga Kinkinau ta ce, "Ta huta. Ba ɗa, ba jika, kullum a ƙunshe cikin ɗaki. Ko me take yi a ciki, oho."

Maza suna kan tabarmi a waje, katangarmu kuwa ba ta riƙe magana. Na ji wani tsohon direba yana cewa, "Ƙanenta, Allah ya ji ƙansa, shi ne rewaya. Ya naɗa mini dinamo lokacin yaƙin basasa, shekara huɗu ina Jos ina Kano bai ba ni kunya ba ko sau ɗaya. Irin hannun nan ya ƙare."

Suka amsa, "Ya ƙare kam."

Na cusa bakin mayafina a baki don kada a ji ni. Hannun da yake yabo, shi suka ɗauka a makara da safen nan, suka sallace shi, ba su sani ba.

Yaya ta dawo gidan ne tun kafin a kawo ni, bayan mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Da akwati ɗaya ta zo, sai mazarinta na kaɗi. Amarya take kirana tun ranar da aka kawo ni gidan, kuma ba ta sauya ba har haƙorana suka zube. Ina tsoronta da farko, don komai na yi sai ta tanka. Amma ranar da na ƙona tuwon baƙi ina sabuwar zuwa, ita ta tare ƙofar madafa ta ce wa ƙanenta ita ce ta hura wutar. Da ya fita ta juyo ta ce, "Amarya, sau ɗaya nake yi wa mutum ƙarya. Gobe ki tsaya a kan tukunyarki."

Maigida rewaya ne, mai naɗa wayar dinamo, rumfarsa tana bakin tashar Kawo. Dinamo shi ne abin da ke cika batirin mota. In ya ƙone, sai a buɗe shi, a warware wayar da ta ƙone ana ƙirga zagayenta, a naɗa sabuwa daidai yadda aka tarar. In ka yi kuskuren zagaye kaɗan, motar mutum za ta mace masa a daji. Lokacin yaƙi, da ma'aikata da yawa suka koma garuruwansu, aiki ya yi masa yawa. A daidai lokacin kuma hannunsa ya fara rawa. Ya ɓoye wa kowa. Sai ya riƙa ƙunso aikin a buhu ya kawo gida, ya zauna bayan ɗaki yana fama, waya tana zame masa.

Yaya tana gefe tana kaɗi, tana kallonsa ta wutsiyar ido. Rannan ta ajiye mazari.

"Ƙanena, wannan ai kaɗi ne. Zaren ne kawai mai taurin kai."

"Yaya, bari. Aikin wuta ne, ba na mata ba."

"Wutar murhu fa, kai kake hura mana?"

Ta shafa allin kaɗi a yatsunta ta karɓe. Sau biyu ya sa ta warware, na uku ya juya abin a hannunsa, ya daɗe yana dubawa. Washegari ya kawo buhu biyu.

Ba ta san lamba a rubuce ba, da wake take ƙirga. Duk zagaye goma na wayar da take warwarewa sai ta jefa ƙwayar wake ɗaya a ƙoƙo, in za ta naɗa sabuwa kuma ta riƙa fitar da su ɗaya ɗaya. In tana ƙirga ko sallama aka yi da kai take amsawa. Wata rana ta tashi yin alwala, ni kuma ina haɗa dafa-duka, na ga wake a ƙoƙo, na ce wannan ɗan kaɗan me zai zauna yi, na juye shi a tukunya. Da ta dawo ta dubi ƙoƙon, ta dubi tukunyar, ta ɗora hannu a ka.

"Amarya! Kin dafa mini motar mutane!"

Sai da maigida ya zagaye tasha ya aro wani ƙonannen dinamo irinsa, ta sake warwarewa ta sami ƙirgen. Ranar ta ci abincin nan har ta suɗe hannu, tana cewa ba ta taɓa cin waken da ya kai shi tsada ba.

Haka aka yi shekaru. Ita ta naɗa a ɗaki, shi ya ɗaura buhu a keke, ya je ya ɗora a mota, a yabe shi. Na taɓa tambayarta ko abin ba ya yi mata ciwo. Ta ce, "Waya ba ta san hannun mace ba, Amarya, mutane ne suka sani. Ni rufin asirin ƙanena nake naɗawa."

Maigida ya rasu shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Ɗanmu namiji guda ɗaya ne, yana aikin soja a kudu, bai taɓa riƙe waya ba. Saura ni, da Yaya, da autata mai shekara goma sha shida. Ina cikin takaba Yaya ta ɗauki makullin rumfa ta yafa gyalenta.

Na ce, "Yaya, tasha fa? Cikin maza?"

Ta ce, "Ni na wuce kulle. Ko kyauta aka ba da ni babu mai ɗauka. In na zauna, me za mu ci? Makullin?"

Da dariya suka tarbe ta. "Iya, fura kika kawo?" "Gwaggo, ƙosan ya ƙare ne?" Ita kuma ta ce, "Kawo mushen da ke hannunka in tashe shi, ka bar surutu." Sau ɗaya tak ta gaya musu cewa ita ce ke naɗin tun tuni. Wani bakanike ya ce, "Haba Iya, yunwa ba ta kai a yi wa mamaci ƙarya ba." Ba ta sake faɗa ba. Ta ce mini in ta nace, tsiraicin ƙanenta za ta buɗe yana kabari.

Abin da ta sha a wurin nan, kaɗan take gaya mini. Babu inda mace za ta zaga a duk tashar, saboda haka ba ta shan ruwa tun safe sai ta dawo gida da la'asar. Wasu kanikawa suka ɗaure wayar batir a ƙafar kujerarta ta ƙarfe, ta zauna, ta zabura, suka yi ta shewa. Washegari ta tafi da 'yar kujerarta ta katako a ka. Amma aiki ya riƙa zuwa, don direba bai damu da wanda ya naɗa ba muddin fitilarsa ta kama.

Abu ɗaya ya gagare ta. Wanda ya naɗa dinamo dole ya hau mota ya ɗora shi, a tayar da inji, ya saurara, ya duba allurar caji da ke gaban direba. Gwiwoyin Yaya ba sa hawa babbar mota. Auta ce ke kai mata abincin rana, kuma ni da kaina nake aikenta, wannan ba zan ɗora wa kowa ba. Yarinyar ta gado kunnen ubanta. Tun tana miƙa sufana har ta fara hawa, har ta fara naɗi. Sai ta dawo gida yatsunta duk yanka, tana murna.

"Inna, yau ni na naɗa rabi! Gwaggo ta ce hannuna ya fi nata sauri."

"Sauri na ce, ban ce kyau ba," in ji Yaya. Amma na ga yadda take kallonta.

Ba a jima ba magana ta fara zuwa mini. A gidan suna wata ta matso ta ce, "An ga 'yarki a kan mota, ba mayafi." Na dawo na tari Yaya da maganar. Ba ta musa ba. Ta shiga ɗaki ta fito da gyalen Auta, rabinsa a yage, baƙi ƙirin da mai. Ashe yarinyar ta sunkuya kan inji yana aiki, bel ɗin da ke juya fanka ya cafki bakin gyalen ya fizge ta. Da direban bai kashe motar da sauri ba, da wuyanta ya tafi. Sun ɓoye mini, sun ce ƙurji ne ya fito mata. Tun ranar Yaya ta kafa doka: a ninke mayafi a rumfa, a tamke ɗankwali, a ɗaure zane tamau, sannan a hau mota.

Ta miƙo mini gyalen ta ce, "Zaɓi, Amarya. Wuyanta ko bakin mutane?"

Ni dai ban ga na zaɓa ba.

Rannan bayan azahar wani direba ya zo ya ce dinamon da aka ɗora masa ba ya caji. Motar tana can ƙarshen tasha, bayan inda ake tara katako. Yaya tana tsakiyar ƙirga, ta yi wa Auta nuni da kai. Auta ta ninke mayafi ta bi shi. Ta hau gaban motar don ta duba allura, sai ya hawo ya ja ƙofa ya rufe.

Allah ya tsare. Da sukundireba a hannunta, ta caka masa a cinya, ta faɗo ta ɗaya ƙofar. Ba ta koma rumfa ba, gida ta yo da gudu, ba takalmi, rigarta a yage ta kafaɗa, sawun yatsunsa a wuyan hannunta. Ta faɗo jikina. Dinamon kuwa lafiyarsa lau.

Yaya ta je gaban sarkin tasha da manyan wurin. Ta faɗi abin da ya faru. Tambayar farko da aka yi mata ita ce, "Lokacin, ina mayafinta yake?" Ta biyu, "Wa ya aike ta cikin maza?" Aka yi wa direban nasiha, aka ce yaro ne, shaiɗan ne. Kafin magariba ya yi lodi ya kama hanya.

Da ta dawo, a tsakar gida muka yi ta.

Na ce, "Ta gama. Ba za ta sake zuwa ba."

Ta ce, "In ta bari yau, sun ci nasara. Yarinyar nan shekara biyu take buƙata, babu rewaya a Kawo da zai kama ƙafarta. Zan riƙa binta duk motar da za ta hau."

"Da waɗanne gwiwoyin?"

Auta tana durƙushe tsakaninmu tana kuka. "Inna, don Allah. Ni zan koma. Zan riƙa tsayawa a bakin rumfa, ba zan je nesa ba."

Yaya ta ce, "Kin ji ta. Ba ke kaɗai kike sonta ba, Amarya."

A nan bakina ya kufce. Na ce, "Da kin haifa, da kin san abin da nake ji."

Shekara talatin muna gida ɗaya, ban taɓa ganin Yaya ta rasa amsa ba sai ranar. Ta dube ni, ta sunkuya ta ɗauki butarta, ta shige ɗaki. Ni kuma, maimakon in tsaya nan, sai na juya kan 'yata na ce, "Ke kuma, in kika sake taka tashar nan, ban yafe miki nonon da kika sha ba."

Wayyo Allah. Malama, dakata kaɗan.

Yaya ta yi wata biyu tana zuwa ita kaɗai. Babu mai hau mata mota, wanda ta roƙa sai ya ɗora a karkace ya ce naɗin ne bai yi ba. Ta rufe rumfa. Wani rewaya da ke can gefen tasha, wanda ya san abin da ke akwai, ya fara aiko da buhu ta zaure. Ita ta naɗa, shi ya ɗora, sunansa ya fita. Da ta rasu ya zo ta'aziyya da goro mai yawa, ya ce uwa ce gare su duka. Bai ambaci cewa ita ke yi masa naɗi ba.

Yaya ta koma ɗakin da ta fito. Ta taɓa miƙa wa Auta waya a can ciki, ta ce ai uwarki tasha ta hana, ba ta hana ɗaki ba. Auta ta ce, "In naɗa wa wa, Gwaggo? In zauna a nan kamar ke har in tsufa?" Yaya ta janye hannunta a hankali. Daga ranar ne bakinta ya mutu. Akuya ma ta daina tsoronta.

Shekara biyar muka ƙara, ni da ita, kwano ɗaya muke ci. Da na kwanta ciwon ƙafa ita ke ɗaga ni, ita ke yi mini wanka. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba. Sau nawa na zo bakin ƙofarta da niyyar neman gafara, in tarar tana ƙirga, in ce bari ta gama.

Auta ta yi aure a Hayin Banki, wanda take so ta aura, masinja ne a wani ofis, mutumin kirki. Ɗinkin hula take yi a gida, tana da 'ya mace. Hanyar da ta miƙe daga gidanta zuwa namu ta bakin tasha ta bi, amma ita zagaye take yi ta bayan unguwa, da goyo, cikin rana ko ruwa, saboda maganata. Ranar rasuwar ma sai da aka gama wanka ta iso, ba ta ga fuskar gwaggonta ba. Wani lokaci muna zaune babbar mota ta wuce a titi, sai in ga allurarta ta tsaya. Ta ce, "Wannan ba za ta kai Zariya ba." Sai ta ci gaba da ɗinki.

In aka ce me ya sa ba a ganin mata a irin wannan aiki, masu ilimi suna da nasu bayani. Ni abin da na gani da idona ke nan: mata biyu a gida ɗaya sun iya, ɗaya ta mutu ana yabon wani, ɗaya tana ɗinkin hula.

Yaya ta bar mini saƙo, kuma ban cika ba tukuna. Kwana bakwai Auta ta yi a gefena muna karɓar gaisuwa, sau uku na buɗe baki na rufe. Ina tsoron in faɗa ta dube ni ta ce sai yanzu. Ina kuma tsoron ta ɗauke ni da gaske, wata rana in ji ta kama hannun jikata sun nufi tasha, alhali tashar tana nan yadda take, masu tambayar mayafi suna nan a kujerunsu.

Tari ne ya ci Yaya. Hayaƙin tsohuwar wayar da take ƙonawa a rufaffen ɗaki ya zauna mata a ƙirji. Ranar ƙarshe, da hantsi, na fito da ita inuwar ƙofa ina ba ta kunu a ludayi. Ta kurɓa sau biyu ta kawar da kai. Ta kama wuyan hannuna, yatsun nan nata masu kaushi kamar dutsen niƙa.

"Amarya."

"Na'am, Yaya."

"Maganar haihuwa da kika yi mini, kada ki tafi da ita kabari. Na yafe tun ranar. Gaskiya kika faɗa, zafinta ne kawai ya yi yawa."

Na fashe da kuka, na ce ta yafe mini sauran ma. Ta girgiza kai, ta jira tarin ya lafa.

"Sauran ba nawa ba ne. Ki janye wa yarinyar nan bakinki."

Na ce, "Yaya, ko na janye ina za ta? Tana da miji, tana da goyo."

Ta ce, "Na sani. Ba za ta koma ba, ni ma ban ce ta koma ba. Amma direban nan ya yi lodi ya tafi, ni na koma ɗaki, ke kika yi barci. Ita kaɗai aka yanke wa hukunci. Ki janye, Amarya, ko don ta san ba ita ta yi laifi ba."